Gida cike da mutane, amma Baba ya yi shiru: kaɗaici ne ko tsufa?

Wata baiwar Allah daga unguwar Garin Malam a nan Damagaram ta aiko da wannan tambaya: "Mahaifinmu ya haura shekara 70. Rayuwarsa duka a Kasuwar Dole ya yi ta yana sayar da hatsi, har yayyena suka ce ya huta, suka karɓi rumfar. Innarmu ta rasu bara waccan. Gidanmu babban gida ne, ga 'ya'ya ga jikoki ga surukai, bai rasa ci ba bai rasa sha ba. Amma ya daina hira, abinci sai ya ɗan taɓa ya ture, dare ba ya barci, masallaci ma yanzu sai ran Juma'a. In an tambaye shi sai ya ce shi dai jiran lokaci yake. Yayyena sun ce tsufa ne. Da na ce ina ganin kaɗaici ne sai suka yi mini dariya, wai wa ke kaɗaici a gidan mutum ashirin? Malam, shin mutum zai iya kaɗaici cikin jama'a? Kuma me za mu yi?"

'Yar uwa, Allah Ya jiƙan Inna, Ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri da kika lura. Amsar tambayarki ta farko ita ce eh, ƙwarai kuwa. A aikina na jinya, yawancin dattawan da na ga kaɗaici ya cinye ba su kaɗai suke kwana a gida ba. Daga manyan gidaje suke fitowa, irin naku.

Yayyenki suna ƙirga kawunan da ke cikin gidan ne. Ni da za ki ba ni dama, wani abin zan ce ki ƙirga. Ki zauna yini guda ki lura, tun daga asuba har isha, mutum nawa ne suka yi magana da Baba maganar da ta wuce "Baba ina kwana, an tashi lafiya, ga koko". Wa ya tambaye shi ra'ayinsa a kan wani abu? Wa ya ba shi labari ya tsaya ya ji abin da zai ce? Wa ya yi masa gardama, ko ya tsokane shi har ya yi dariya? Gaisuwa ladabi ce, kuma mun gode Allah ba mu rasa ta ba, amma gaisuwa minti ɗaya ce, a durƙusa a tashi. Akwai ma yadda girmamawar kanta ke nisanta tsoho da mutanen gidansa: suruka tana jin kunyarsa, ɗa ba ya haɗa ido da shi, an hana jikoki hayaniya kusa da ɗakinsa. Kowa yana ganin girmansa, ba mai hira da shi. Sai ya wayi gari kamar baƙo a gidan da ya gina da guminsa.

Ki dubi abin da ya kuɓuce masa cikin ɗan lokaci. Rumfar nan ta kasuwa ba wurin neman kuɗi kaɗai ba ce. Ita ce dalilin da ke tashinsa da safe ya sa riga ya ɗora hula. A can ne maƙwabcin rumfa zai ce masa "Alhaji ka makara", dillali ya zo su ja ciniki, mutumin Mirriya ko na Tanut ya sauke buhu ya ba shi labarin damina, mai goro ya tsaya, almajiri ya miƙo kwano. A rana guda yana magana da mutane da yawa, kuma duk cikinsu shi ne masani: ya ɗebi gero a tafin hannu ya gane na bana ne ko na bara, ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. Ranar da aka ce masa "Baba ka huta", da kyakkyawar niyya aka faɗa, ban yi shakka ba. Amma a ranar aka raba shi da wurin da ake bukatarsa. Na daɗe ina ganin wannan a wurin 'yan kasuwa da dukawa da teloli, har da ma'aikatan gwamnati da suka yi ritaya: namiji a garin nan yawancin zumuncinsa a wurin sana'arsa yake, sana'ar na tsayawa zumuncin ya bi ta.

Sai kuma Inna. Mutane sukan ɗauka dattijo bai cika jin mutuwar matarsa ba, tunda ba ya kuka a gaban jama'a, kuma shi ba a sa masa takaba. Mace in mijinta ya rasu tana da wata huɗu da kwana goma da kowa ya san tana cikin wani hali, mata na shigowa suna zama da ita. Namiji kuwa ana share makoki an gama da shi. Alhali ita ce mutum ɗaya a gidan da ba ta jin nauyinsa, wadda za ta ce masa "kai ma dai" ta wuce. Ita ke kawo masa labarin dangi: wane ba shi da lafiya, wance ta haihu, gobe akwai ɗaurin aure a Birni, ya kamata ka leƙa. Ita ta san yadda yake son furarsa, ita ke tuna lokacin da suke zaune a ɗaki ɗaya ba su da komai. Da ta tafi, hanyar da labarin duniya ke iso masa ta toshe, kuma ba wanda ya lura, don ba wanda ya san ita ce ke wannan aikin.

Abu na uku shi ne sa'o'insa. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su kai 3 cikin 100 ba. Ma'ana tsoho a ƙasar nan yara ne suka kewaye shi ta ko'ina, tsararsa 'yan kaɗan ne, kuma kowace shekara yana raka wasu maƙabarta. Ɗa ba ya maye gurbin aboki. Wanda kuka yi makarantar allo tare, kuka sha yunwar 1973 da ta 1984 tare, shi ne za ka faɗi rabin magana ya ƙarasa maka. Ga kuma yadda zaman gari ya canza: sababbin gidaje ƙofar ƙarfe ce da falo, zauren da dattawa ke shimfiɗa tabarma yana ɓacewa. Matasa suna fadarsu suna shan shayi, kowa da salularsa. A ƙauyukan Matamaye da Kance da Magarya abin ya fi haka tsanani, don majiya ƙarfi sun tafi ci-rani Kano ko Libiya ko Aljeriya, wasu sun bi zinariyar Jado tun 2014, an bar tsofaffi da ƙananan jikoki.

In yayyenki sun ce wannan ciwon Turawa ne, ga abin da za ki gaya musu. Gaskiya ne Ingila ce ta fara naɗa minista kan matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta biyo baya a 2021. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a 2023, kuma rahoton da ya fitar a watan Yuni na 2025 ya nuna mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu adadin ya kai kusan 24 cikin 100, wato ya ninka na ƙasashe masu arziki. Rahoton ya danganta mutuwar mutane kimanin 871,000 a kowace shekara da wannan matsala. Tun 2010 wata masaniya a Amurka, Julianne Holt-Lunstad, ta tattara bincike 148 da aka yi a kan mutane fiye da 300,000, ta gano cewa masu ƙaƙƙarfar hulɗa da jama'a sun fi marasa ita damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin 100. Ajali na Allah ne, amma sababi ma Shi Ya halicce shi. Kuma ba wani abin ɓoye ba ne yadda abin ke aiki a jiki. Mutumin da ke cikin damuwa kullum jininsa na hawa, barcinsa na lalacewa. Wanda ke ci shi kaɗai ba ya ci da yawa, sai ya rame, ƙarfin ƙafa ya ragu. Wanda ba shi da inda za shi ba ya tafiya, gwiwa ta ƙara sandarewa. In ya manta maganin hawan jini ba mai tuna masa.

Sai dai kafin ku yanke cewa kaɗaici ne kaɗai, ku kai shi a duba jikinsa, domin sau da yawa jiki ne ke fara korar tsoho daga cikin mutane, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. An taɓa kawo mini wani dattijo, ɗansa na cewa ya daina zuwa jam'i, ya daina zama a majalisa, suna tsoron ko ya fara rikicewa ne. Da na sa ɗan ya fita na rufe ƙofa, dattijon ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, alwalata ce ba ta riƙewa." Fitsari ne ke ɗiga masa, irin matsalar da ke yawan samun maza in shekaru sun ja, saboda kumburin wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara. Yana tsoron ya tsaya a sahu wani ya ji wari a jikinsa. Wata da watanni yana zaune a ɗaki kan abin da ke da magani, kuma malamai ma sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai irin wannan lalura. Tunda kin ce Baba ya rage zuwa masallaci, wannan na cikin abin da zan so a tambaye shi, amma ba ke za ki tambaya ba, kuma ba a gaban 'ya'yansa ba. Likita namiji, a keɓe.

Haka kunne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka wuce shekara 60 suna da raunin ji mai hana su walwala. Tsohon da ba ya ji sosai yakan gaji da cewa "na'am? me ka ce?", ya ga yara na murmushi, sai ya zaɓi yin shiru. Wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe, a wanke a asibiti ya dawo yana ji. Ido ma haka: yanar ido aiki ne na ɗan lokaci, mutum ya koma yana gane fuskoki yana karatun Alƙur'aninsa, kuma yankinmu ya sha fama da amodari, wanda ke juya gashin ido yana gogar ƙwayar. A auna hawan jini da suga, a dubi haƙora, don wanda ba ya iya tauna ba zai so ci a gaban mutane ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet, a rahotonsa na 2024, ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan 45 cikin 100 na ciwon mantuwar tsufa. Raunin ji da raunin gani da keɓewa daga mutane da ciwon damuwa da hawan jini duk suna ciki.

Maganar nan tasa ta "jiran lokaci nake" kada ku bar ta ta wuce. Dattijo mai imani yakan ambaci mutuwa cikin natsuwa, yana ci yana sha yana wasa da jikoki, wannan ba ciwo ba ne. Amma in maganar ta haɗu da ƙin abinci, da rashin barci, da ramewa, da daina jin daɗin abin da a da yake so, kuma abin ya wuce mako biyu kullum haka, to muna zargin ciwon damuwa. Ciwo ne kamar hawan jini, ba raunin tawakkali ba ne, ba kuma dole ne ya zo da tsufa ba. A wurin tsofaffinmu ba ya cika fitowa da "raina a ɓace yake". Sai dai su ce jiki duk ciwo, kai na nauyi, ƙirji na zafi, a yi ta sayen magani ba sauƙi. Wanda ya fi kusa da shi ya zauna ya tambaye shi a hankali: "Baba, kana jin rayuwar ta ishe ka ne? Ka taɓa tunanin cutar da kanka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya amsa da eh, ranar za ku kai shi Babban Asibitin Ƙasa na nan Damagaram a haɗa shi da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Roƙona ɗaya: kada a saya masa ƙwayar barci a wurin masu tallar magani a kasuwa. Irin su diyazefam suna sa tsoho jiri da rikicewa, ya tashi fitsarin dare ya faɗi ya karya ƙugu, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru ba ƙaramin abu ba ce.

To me za ku yi a gida? Ni a ganina babban magani shi ne a mayar masa da wani abu da in bai yi ba za a ji rashinsa. Ba aikin wasa na lallashi ba, tsoho yana gane wannan nan take kuma yana ƙara masa ciwo. Yayyenki su roƙe shi, roƙo na gaske, ya riƙa zuwa rumfa ko da safiya biyu ko uku a mako, daga hantsi zuwa kafin rana ta take. A sa masa kujera a inuwa. In mutanen ƙauye sun kawo hatsi a ce "sai Baba ya gani". A bar masa littafin bashi ko hulɗa da tsofaffin abokan ciniki, waɗanda dama shi suka sani. Kuɗin kabu-kabu ko adaidaita na kai shi da dawo da shi bai kai kuɗin magani ba. In ƙafarsa ba ta da ƙarfi a fi son adaidaita. A gida kuma a daina yanke shawara a bayansa sannan a zo a sanar da shi. Maganar auren jika, rabon hatsin sadaka, sulhun 'yan uwa, sayen ragon layya, a kawo gabansa tun ba a gama ba. A ɗora masa biya wa jikoki karatun allo bayan magariba in yana da karatu, ko rakiyar ƙaramin jika zuwa makaranta in kusa ce.

Akwai abin koyi daga Zimbabuwe. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya ga ba su da isassun likitoci, sai ya koya wa tsofaffin mata yadda ake sauraron mai damuwa, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin birnin Harare. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun samu sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne an ɗauki tsofaffi a matsayin masu bayarwa. Mu ma muna da wannan arzikin zaune a ɗakunan bayan gida, muna kai musu tuwo muna fitowa.

Sannan ku nemo masa sa'o'insa. Ki tambaye shi, ko ki tambayi gwaggonninki, su wa suka rage cikin abokansa, a Birni ne ko Zango ko Sabon Gari. Wataƙila wani yana can shi ma a zaune, ido ya mutu, yana zaton duniya ta manta da shi. A sa rana ɗaya tsayayya, a ce kowace Juma'a bayan an sauko, a kai shi ko a ɗauko abokin. Tsayuwar ranar ta fi yawan mutanen muhimmanci. Taron Salla da gida ke cika a watse washegari bai kai ziyarar mutum ɗaya da ya san za ta zo kowane mako ba, domin ita yake jira, saboda ita zai yi wanka ya sa turare. Zumunta a ƙafa take, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sanya sada zumunci da abokan mahaifi cikin mafi girman biyayya ga iyaye. Limamin unguwa ma a yi masa magana. In ya ce daga cikin sahu "ina Alhaji, kwana biyu ba mu gan shi ba", ya tura mutum biyu su leƙo, hakan na iya yin abin da ku ba za ku iya ba.

Abinci kuma a daina aika masa ɗaki a rufe da faifai. Ɗaya daga cikin yayyenki ko babban jika ya wanke hannu su ci kwano ɗaya. Waɗanda ke Yamai ko Kano su san cewa aiken kuɗi bai ɗauke musu kira ba. Su sa lokaci sananne, kuma in sun kira kada su tsaya a "ya jiki", su ba shi labarin inda suke, su tambaye shi yadda zai yi da a ce shi ne. A saya masa salula mai manyan lambobi da ƙara mai ƙarfi, da rediyo in ba shi da ita. Ki dubi ɗakinsa ma: in yana can ƙuryar gida ƙarƙashin kwano, zafin watan Afrilu da Mayu kaɗai ya isa ya kwantar da shi. Kusa da ƙofa ya fi, inda zai ga mai shiga da mai fita.

Na san za a kawo maganar a yi masa aure, don ita ce dabarar da dangi ke fara kawowa. Ban ƙi ba in shi ya nuna yana so, kuma in dattijuwa ce da za su yi hira su fahimci juna. Amma a ɗauko yarinya ƙarama a sa ta jinya da sunan aure, wannan kaɗaici biyu aka haɗa a ɗaki ɗaya, kuma zalunci ne a kanta. Haka in wani ɗa da ke Yamai ya ce a kawo masa shi can ya huta a gida mai sanyi, ku yi tunani sosai. Tsohon da aka cire daga unguwarsa, da masallacinsa, da mai shagon da ya san sunansa, sau da yawa ya fi saurin dusashewa, komai kyan gidan.

Da yake mata da yawa za su karanta wannan, bari in ƙara kalma a kan iyayenmu mata. Su sun fi maza riƙe matsayinsu, don reno da wankan jego da biki da suna da adashe ba sa ƙarewa. Amma wadda ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta suka rasu ko suka yi nisa, ita ce ta fi kowa shiga haɗari a garin nan. In kuma mantuwa ta kama ta ta fara surutai, maimakon asibiti sai a fara raɗe-raɗin maita, yara su riƙa gudunta. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai, domin ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma a lokacin ne ta fi bukatar a zauna kusa da ita.

Ke kuma kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai, kina da naki gidan. Ki tara yayyenki ba da sigar zargi ba, don in suka ji ana cewa sun yi sakaci da mahaifinsu za su kare kansu ne maimakon su saurara. Ki ce musu likita ya ce a duba kunne da ido da jini da fitsari, wannan ba mai musu a kai. Daga nan a raba: wane zai kai shi kasuwa, wane zai ci abincin dare da shi, wance za ta kula da magani. In Baba ya ce ba ya so a karon farko kada ku yi fushi ku bari, wanda ya daɗe a ɗaki fita na yi masa nauyi. A sake gwadawa bayan kwana biyu, a fara da abu ƙarami. Ku ba abin kamar wata ɗaya zuwa biyu kuna lura da cinsa da barcinsa da nauyinsa. In ba canji, ko yana ƙara ramewa, ku koma asibiti a duba maganar ciwon damuwa da kyau, akwai magani kuma tsofaffi na samun sauƙi da shi. Amma in kuka ga ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, bai gane mutane ba, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko ya daina shan ruwa, ko fitsari ya tsaya masa gaba ɗaya, wannan ba na jira ba ne, a sa shi a mota a nufi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne.